Wuta ba ta ƙone gubar dalma a tsire

Masu sayen tsire da balangu a Kawo ko Tudun Wada sukan ce in nama ya sha wuta, shi ke nan. Zafi yana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma da sauran ƙarafa masu guba ba sa ƙonewa, kuma ba su da wari ko ɗanɗano.

Suna shiga nama ta ragar gashi mai fenti, da katakon da aka yi wa fenti a madadin gawayi, da babbakar ganda da tsohuwar taya, da ƙurar bakin titi. Tsohuwar jarida ma, tawadarta na narkewa cikin man naman.

Dalma taruwa take a jiki a hankali, ta fi illata ƙwaƙwalwar yara da ɗan tayi. Duba ragar da makamashin, ka zaɓi naman da aka rufe, ka je da mazubinka.