Cire bcachefs daga Linux: ba a zalunci kowa ba

Tun da aka cire bcachefs, wani tsarin adana fayiloli a kwamfuta, daga manhajar Linux a fitowa ta 6.18 nake jin kuka iri ɗaya: wai Linus Torvalds, jagoran Linux, ya yi kama-karya, ya watsar da gwani Kent Overstreet, mawallafin bcachefs, don kawai gwanin bai iya lallashi ba. Kukan nan ya ishe ni. Masu yinsa suna magana ne kamar babban reshen manhajar, inda ake haɗa aikin kowa, gonar mutum ɗaya ce, ya shuka abin da ya ga dama a ranar da ya ga dama.

Dokar gidan ba ɓoyayya ba ce. Bayan kowace fitowa ana buɗe ƙofa mako biyu a karɓi sabbin abubuwa. Daga nan sai a rufe, a yi ta fitar da fitowar gwaji, rc1, rc2, galibi har rc7, ba a karɓar komai sai gyaran kuskure. An shigar da bcachefs a 6.7, farkon 2024. A tsakiyar 2025, ana tsaka da gwajin 6.16, Kent Overstreet ya aiko da sabon abu mai suna journal_rewind, hujjarsa ita ce masu amfani suna bukatarsa don ceto bayanansu. Torvalds ya karɓa, amma ya nuna tafiyar ta zo ƙarshe. Ba kuma wannan ne karon farko da suka yi sa-in-sa kan lokacin aiko da faci, wato sauyi ga manhajar, ba.

Ban musanta cewa Overstreet ya san aikinsa ba. Tambayata ita ce, wa ke biyan kuɗin gaggawarsa? Kusan mutum 2,000 ne ke sa hannu a kowace fitowar Linux, sauye-sauyen kuma sun haura 10,000. Duk safiya waɗannan mutane suna jawo reshe ɗaya, su harhaɗa shi ya zama manhajar da kwamfuta za ta iya gudanarwa, su ɗora nasu aikin a kai. Ranar da reshen ya ƙi harhaɗuwa, ko ya harhaɗu amma ya zo da sabon ciwo, ba mutum ɗaya ne ya yi asarar wuni ba.

Akwai wata asarar da masu kukan ba su taɓa ambatawa, ita ce ta git bisect, dabarar gano sauyin da ya kawo matsala. Idan matsala ta ɓulla, ba a bin sauyi dubu goma ɗaya bayan ɗaya. Tarihin ake rabawa biyu, a gwada tsakiya, a sake rabawa, cikin gwaji kamar 14 an kama mai laifi. Amma dabarar tana aiki ne sosai idan kowane mataki na tarihin yana harhaɗuwa. Faci guda da aka cusa cikin gaggawa ya isa ya makantar da mai bincike bayan shekara biyu, mutumin da bai ma san an yi rigimar ba. Dalilin da ya sa Stephen Rothwell ya kafa linux-next a 2008 ke nan: a gwama rassan masu kula kusan kullum, a ga inda suke cin karo tun kafin a buɗe ƙofa. Wanda ya tsallake wannan mataki yana cewa ne a yarda da shi kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu na cewa ai an yi wa bcachefs tambarin gwaji, in ta lalace masu ita ta shafa. To a yi wa mutum ɗaya rangwame a gani, gobe masu kula ɗari za su zo da tasu larurar, kuma kowacce ta gaggawa ce a idon mai ita. Masu cewa a bar zance da halin mutane, a ƙara na'urorin gwaji kawai, su ma sun manta cewa na'ura ba ta hana wanda ya ƙudurta tsallake layi.

Abin mamaki, Linux ma sassauci gare ta. Dubi wasu manyan ayyukan manhaja. A Rust, wani shiri mai sarrafa kansa da ake kira bors ba ya barin sauyi ya shiga babban reshe sai an haɗa shi da abin da ke can an ga ya ci gwaji, kuma ba ruwansa da sunan marubucin. A Mozilla akwai waɗanda aikinsu shi ne janye duk facin da ya karya reshe, a yi bayani daga baya. LLVM ta rubuta a ƙa'idarta cewa a janye tukuna, reshe ya dawo daidai, sannan a tattauna. A can babu mai ɗaukar janye faci a matsayin cin mutunci. Mu ne muka mai da shi wasan kwaikwayo saboda akwai sanannun sunaye biyu a ciki.

In da za a gyara wani abu, a rage dogaro da hukuncin mutum ɗaya, a mayar da dokar rufe ƙofa abin da na'ura ke zartarwa ba tare da muhawara ba. Manhajar da ke sauyawa kowane mako kuwa ta zauna a waje har ta natsu. Yanzu ta DKMS, hanyar ɗora wa Linux ƙari daga waje, ake rarraba bcachefs, Overstreet na iya fitar da gyara ranar da ya so, rc7 kuma tana fita ba tare da jiran kowa ba.