Ƙuruciya ce ke rufa maka asiri, tashi ka motsa jikinka

'Yan uwana matasa, maza da mata, don Allah ku ba ni aron hankalinku, maganar nan ta daɗe tana damuna. Kwanakin baya mun hau bene hawa uku da wani ƙanina da ko shekara 25 bai cika ba, kafin mu kai sama sai da ya tsaya sau biyu ya dafa ƙarfen matakala yana haki, goshi ya jiƙe, magana ma da ƙyar take fita, kuma fa lafiyarsa ƙalau, ba asma ba komai. Na ce masa yaushe rabonka da tafiyar minti 20 a ƙasa, ya yi shiru yana tunani, ya kasa tunawa. Daga katifa sai kujera, daga kujera sai abin hawa, waya a hannu tun safe har dare. Wallahi raina ya sosu, don ba shi kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na yara masu tasowa ba sa motsa jiki yadda ya kamata, manya kuma kusan mutum ɗaya cikin uku.

Jikin ɗan Adam ba ya riƙe abin da ba a amfani da shi. Duk wanda ya taɓa ganin hannun da aka ɗaure saboda karaya ya san haka, ranar da aka kwance za ka ga hannun ya tsotse ya zama siriri kamar ba na mai shi ba, alhali sati shida kawai ya yi bai motsa ba. To abin da ya faru da hannun nan shi ke faruwa da zuciyarka da ƙashinka da tsokarka, sai dai a hankali, a ɓoye, shi ya sa ba ka gani. A 1966 a birnin Dalas na Amurka masu bincike suka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado na sati uku, ba ciwo suke ba, kwanciya kawai, da aka tashe su aka auna sai aka ga ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan suna da shekara 50 aka auna su, sai ga shi kwanciyar sati ukun nan ta fi shekara 30 ɗin yi musu ɓarna. Abin farin ciki shi ne, a can farko da aka sa su atisaye na sati takwas bayan kwanciyar, ƙarfinsu ya dawo.

Zuciya fa tsoka ce, kamar ta damtsenka. Kana zaune tana harba jini kamar lita biyar a minti, in ka tashi gudu tana iya kai lita 20 ko fi. In kana ba ta irin wannan aikin a kai a kai sai ta ƙara ƙarfi, kowane bugu ɗaya ya riƙa tura jini mai yawa, sai ya zama ba ta buƙatar bugawa da sauri in kana hutawa. Shi ya sa bugun zuciyar yawancin mutane yake tsakanin 60 zuwa 100 a minti, amma 'yan gudun dogon zango za ka samu nasu ya sauko 40 zuwa 50. Su ma jijiyoyin jini suna ƙara laushi suna buɗewa, daga nan ne hawan jini ke samun sauƙi. A cikin tsoka kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin injuna da ake kira maitokondiriya, su ke ƙona suga da kitse su ba ka ƙarfi, in kana motsawa suna ƙaruwa, in ka zauna suna raguwa. Hakin da ƙanina yake yi a kan matakala kenan, ba huhunsa ne ya lalace ba, zuciya da tsoka ne suka saba da zaman banza.

Maganar suga ita ta fi tsaya min a rai, don da muna ɗauka ciwon tsofaffi ne, yanzu ga shi a jikin 'yan shekara talatin da wani abu. Tsoka ita ce babbar ma'ajiyar sugan da ke yawo a jini, kuma duk lokacin da take aiki tana zuƙe suga da kanta ko insulin, wato sinadarin da jiki ke fitarwa don shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka, bai taimaka mata sosai ba, bayan ka gama ma tana ci gaba da jin maganar insulin har kwana ɗaya zuwa biyu. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, na mutum sama da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna waɗanda suka rage ƙiba kaɗan suka riƙa motsa jiki minti 150 a sati haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin kuma kashi 31. Kun ga tafiya a ƙasa da gyaran ci sun fi ƙwaya aiki a wajen rigakafi. Ban ce mai ciwo ya bar maganinsa ba fa, kar a fahimce ni a baibai.

Kuma ba sabon ilimi ba ne. Tun 1953 Dakta Jeremy Morris ya duba ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan, direba yana zaune yini guda, kwandasta yana hawa da sauka ɗaruruwan matakala, mota ɗaya wurin aiki ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba.

Ƙannena mata, ku ma da ku nake, don an fi barinku a baya a wannan harka. Ƙashi yana tara ƙarfinsa ne har wajen shekara 30, bayan nan sai dai a yi ta ci daga abin da aka tara, kuma mace in al'ada ta ɗauke ƙashinta yana saurin zaizayewa. Tsalle da gudu da ɗaukar abu mai ɗan nauyi su ke sa ƙashi ya yi ƙwari, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma samarin da kuka mayar da motsa jiki gasar ƙwanji har kuna shan ƙwayoyi da allurar kumbura jiki, ku ji tsoron Allah a kan kanku, abubuwan nan suna lalata hanta da zuciya, suna taɓa haihuwa.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, wato minti 30 sau biyar kenan a ƙalla, ko minti 75 in mai zafi ne kamar gudu ko ƙwallo, sai kwana biyu a sati ka ba tsoka aiki, ka tsugunna ka miƙe, ka dafa ƙasa kana ɗaga jikinka kana saukewa. Ga yadda za ka gane matsakaici, kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Masu cewa ba lokaci, ku duba awa nawa wayarku ta ce kun yi a kanta jiya. In minti 30 ya yi yawa fara da 10, kuma ni abin da na fara gani ma ba a tumbi ba ne, barci ne ya gyaru, ƙuncin zuciya da yawan tunani suka ragu.

Satin farko jiki zai yi tsami, musamman kwana ɗaya zuwa uku bayan an fara, tsoka ce ke gyara kanta, ka rage zafi amma kar ka daina. Ciwon ƙirji kuwa, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ko zuciya ta riƙa bugawa ba tsari, wannan ka tsaya nan take ka je asibiti, mai hawan jini ko suga ko ciwon zuciya kuma ya fara ganin likita tukuna.

Ƙanin nawa mun fara fita tare da safe. Na sa shi kafin ya sauko daga gado ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun minti ɗaya ya rubuta, mun yi da shi bayan sati takwas za mu sake ƙirgawa, sannan mu koma benen nan.