Gatan Fara Shiga Jirgi

Sana'ata hatsi ce, rumfata tana Tudun Hatsi a cikin garin Gombe, amma gonar da na gada tana hayin kogin Gongola, ta wajen Bajoga. Duk abin da na sani game da ruwa a mashigin nan na koye shi, sai kuwa madatsar Dadin Kowa da muke kai yara su gani da sallah. Ana nan sai 'yata ta fari, wadda ke aikin jinya a Ingila, ta bugo waya ta ce ita da maigidanta sun haɗa kuɗi za su kai mu yawon teku, ni da Hajiya. Na ce ai na ga teku, ta tagar jirgi da za mu sauka Jidda. Ta ce, "Ba irin wannan ba, Baba. Wannan a kansa za ku kwana, a kansa za ku tashi." Kafin in buɗe baki Hajiya ta fara zancen ɗinki, daga nan ba a sake neman ra'ayina ba.

Wahalar biza a bar ta kawai. Mun shiga jirgin a Piraeus, tashar ruwan birnin Athens na ƙasar Girka. Wanda bai gani ba zai ce ƙari nake yi: bene kan bene ya fi hawa goma, mutane dubbai, ga lif, ga kantuna, ga wurin cin abinci da kusan ba a rufewa, ga wani tafkin wanka can sama wanda Hajiya ta kafa mini doka ko waiwaye kada in yi wajensa. A bakin ƙofa aka ba kowa kati. Shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗin sayayya, shi ake dangwalawa a na'ura in za ka fita ko ka dawo. Nawa shuɗi ne, na ma ji daɗi don ya dace da hulata. Ashe launin sabon shiga ne.

Ranar da muka isa Santorini asirin katin ya tonu. Tsibirin bakin wani dutse ne mai aman wuta da ya rufta tun zamanin da, teku ya cika ramin. Garin Fira yana can ƙoli, fararen gidaje jere a kan dutse, ƙasa kuma babu gaɓar da ƙaton jirgi irin namu zai raɓa. Sai ya tsaya a tsakiyar ruwa, ƙananan jirage su riƙa zuwa suna kwasar mutane rukuni-rukuni. A wasu tashoshin, jiragen ceton da ke rataye a gefen babban ake saukewa su yi wannan jigila. A Santorini kuwa masu fiton garin ne ke yi. Ina jin bayanin na ce wa surukina, "To, wannan fannina ne. Ku biyo ni."

Da sassafe ake raba tikiti a wani falo, kowanne da lambar rukuni, in an kira lambarku a lasifika ku sauka. Na yi sammako, na tarar layi har ya sha kwana, lambar da ta faɗo mana ta can baya-baya ce. Muka samu wuri muka zauna. Aka fara da waɗanda suka sayi yawon da kamfanin ya shirya; wannan na fahimta, sun biya. Sai ga wata tsohuwar Baturiya da sanda da ƙatuwar malfa, ba tikiti, ba layi. Wani kati mai ƙyalli kawai ta ɗaga, ma'aikacin ya rusuna ya kwance mata igiya ta wuce. Bayanta wani dattijo da gajeren wando, shi ma haka. Ni kuwa da furfurata da zanna bukar ina zaune riƙe da 'yar takarda.

Na tambayi 'yar tawa ko matar sarauniyar wani gari ce. Ta ce a'a, kwastoma ce kawai. Kamfanonin jiragen nan suna lissafa wa mutum kwanakin da ya yi a jirginsu, yana tarawa yana hawa mataki, launin katinsa yana canzawa. Kowa da ma'auninsa. A Princess Cruises sai ka kammala tafiya 15 ko kwana 150 kafin ka kai matakin ƙoli. A Holland America sai ka tara kwana 200 ake ba ka tauraro huɗu. Namu kamfanin daban ne, amma hanyar duk ɗaya ce. Wanda ya kai wannan matsayi har wanki ake masa kyauta, kuma a tashar da ake fito ba ruwansa da jiran lamba. Sai dai galibi gatan na fita ne kaɗai. Dawowa da yamma kowa layi yake bi.

Na ce, "Shekaru fa? Ba a sa su a lissafi?"

Ta ce, "Na cikin jirgi kawai suke ƙirgawa, Baba."

Hajiya, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Da na zaman rumfa ake ƙirgawa, ai da kai ne kyaftin."

Sai da rana ta take aka kira mu. Muna sauka a tsohuwar tashar da ke gindin dutsen sai ga wani layin, na akwatunan da ke hawa da mutane a kan waya: shida ne a jere, kowanne mutum shida, wato 36 a sawu, ga jirage da dama sun zube jama'arsu lokaci guda. Wanda ba zai jira ba sai ya taka matakala kusan 600, ko ya biya kuɗin Turai a ɗora shi a jaki. Na ce wa surukina ya gaya wa mai jakin daga Gombe nake, ban tsallake ƙasashe don in zo in hau jaki ba. Mun dai kai sama, aka yi hoto, aka sha ruwa mai tsada, aka ce lokacin komawa ya ƙarato. A can na hango tsohuwar nan ta gama yawonta tuntuni, tana zaune a inuwa tana lasar askirim.

Abin ya tsaya mini a rai har muka dawo gida. Ba haushin matar nake ji ba, tsarin ne ya burge ni. Mutum ya daɗe yana kawo maka ciniki, ka nuna ka san da zamansa, ai adalci ne. Da na zauna na yi lissafi kuwa sai na ga inda nawa haƙƙin yake kwance. Tun ina bin mahaifina gona nake shiga kwalekwale a mashiginmu. Uban mai fiton yanzu shi ya fara haye da ni. Takina, irina, injin ban-ruwana, masarata da shinkafata, duk ta jirginsu suke wucewa. In kwanaki ake tarawa, wace tsohuwa ce za ta ja da ni?

Na tarar da mai fiton a durƙushe yana cusa tsumma da kwalta a wata tsaga. Sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa a bakin ruwan. Na zayyana masa komai, da katin, da launin, da igiyar, har da rusunawar. Ya saurara har ƙarshe yana taunar goro.

"To Alhaji, yanzu me kake so a yi?"

"In na zo, ni zan fara shiga. Kafin kowa."

"Kafin marar lafiya?"

"A'a, ban da marar lafiya."

"Mai ciki fa? Gawa fa? Amarya fa?"

Na ce duk a cire waɗannan, su ba a ja da su. Ya ƙaro liman da dagaci da malaman makaranta. Na sallama biyun farko, na ukun muka sha ciniki. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "An ba ka. Har kati zan sa yaro ya yanka maka." A kasuwa in mai saye ya amsa kuɗin farko ba tayi, nakan sake leƙa cikin buhun. Amma ranar nan, godiya kawai na yi na tafi.

Ranar kasuwa na zaɓa, don gata ba 'yan kallo ba shi da armashi. Na sa farar shaddar da na je Girka da ita. Bakin ruwa cike: mata da ƙoren nono, 'yan acaɓa, masu awaki, buhuna tuli. Yaron jirgi ya miƙo mini katin da hannu biyu, bayan kwalin sukari ne an rubuta ALHAJI NA ƊAYA da biro. Mai fiton ya ɗaga murya, "Jama'a a dakata! A ba Alhaji hanya, tsohon kwastoma ne!" Aka dare. 'Yan takun nan daga tudu zuwa bakin jirgi, wallahi sun yi daɗi. Har na ɗan ɗaga katin sama yadda na ga ana yi.

Kwalekwale ta hancin da ke kan yashi ake shigarsa, saboda haka wanda ya fara shiga dole ya wuce can ƙurya, inda mai tuƙi ke tsayawa. Ni shekara da shekaru sai an gama lodi nake isowa, a ce "ga Alhaji, a matsa masa", in ɗosana a hanci a tashi. Ƙuryar nan daga nesa kawai nake ganinta. Na taka a hankali ina tattare riga, na je na zauna, na jira a tura jirgi.

Jirgin fiton Santorini nan da nan yake cika ya tashi, wani ya maye gurbinsa. Namu kamar motar tasha yake, ba ya motsi sai ya cika maƙil, kuma kaya ake fara lodawa kafin mutane. Sauran fasinja suka koma gindin tsamiya wajen mai shayi suka miƙe ƙafa. Ni kaɗai a kan ruwa, rana tana dukan tsakiyar kaina. Aka jera buhunan taki a gabana har suka kawo mini ƙirji. Aka kwantar da babura a kai. Aka ɗauko bunsuru, aka rasa inda za a ɗaure shi sai katakon da nake zaune. Hanyar fita ta toshe kaf. Can a tudu na hango wani yaro ya saita ni da waya.

Sai na ji sanyi a ƙafa. Nauyi ya danna ƙuryar, kuma tsagar nan da na tarar ana toshewa, ashe a daidai nan take. Ruwa ya shanye takalmi, ya kama bakin wando. Na ƙwala wa mai fiton kira. Daga inuwa, da kofin shayi a hannu, ya amsa.

"Alhaji, duba ƙarƙashinka, akwai ƙwarya!"

"Ta mece ce?"

"Ta mai wurin ce. Duk wanda ya zauna nan shi ke kwarfa. Da yaro ne ke zama, amma tunda ka nema..."

Mutum ba ya zuba ido jirgi ya nutse, balle wasu daga cikin buhunan takin nawa ne. Na naɗe hannun shadda na kama kwarfa. Bunsurun kuwa ya gano katin da na soke a aljihun gaba, ya zare shi a hankali ya cinye ina kallo, don hannuwana duka suna kan aiki.

Da aka gama lodi mutane suka shigo, kowa da tasa gaisuwar. "Sannu da aiki, Alhaji." Wata tsohuwa mai nono ta ce Allah ya ƙara girma. Wani ɗan acaɓa ya tambaya cikin ladabi ko a ƙasar Turawan ma haka manya suke yi. Na ce ya ɗauke ƙafarsa daga kan rigata. A tsakiyar kogi, inda ruwa ke da ƙarfi, mai fiton yana tsaye a kaina da gwangwala yana ba da umarni: "Ƙara hannu kaɗan, Alhaji. Ta hagunka, ta hagunka."

A hayi, hancin jirgin ne ya sake hawa yashi. Na ƙarshen shiga shi ya fara fita. Jama'a suka watse, aka sauke babura, aka sauke taki buhu-buhu, mai bunsuru ya zo ya kwance abinsa yana ba ni haƙuri a kan katin. Ko da na isa gona, leburorin da na ɗauka sun gaji da jira sun koma ta maƙwabci. Da yamma na tuna wa mai fiton cewa a can gatan na fita ne kawai, ban da dawowa. Ya ce, "Su ke nan. Mu nan mun fi su karamci, zuwa da dawowa ne." Ya miƙo ƙwaryar.

Bidiyon ya riga ni isa Gombe. Hajiya ta tare ni a tsakar gida da waya a hannu, ta ce daga Ingila an kira ana tambaya ko lafiya, kuma ita shaddar nan ba za ta wanke ba.

Da na sake komawa mashigin, tsohuwar riga na sa, na raɓe cikin jama'a a gindin tsamiya na juya baya. Ban kai ga zama ba na ji muryarsa.

"A dakata! Alhaji ya iso!"

Na ce yau na yafe, a ba wani. Ya ce gata ba a mayar da shi, kuma su ma sun zauna sun duba lissafi: tunda kwanakina sun ƙaru, an ɗaga ni zuwa mataki na gaba. Yaron ya fito daga bayansa rungume da jarka mai lita 20 da aka yanke wa kai.

"Wannan ta fi ƙwarya ɗiba, Alhaji. Bismillah."