Ku bar Japan ta huta a maganar aurenmu

Wannan bidiyon auren gargajiya na wata amaryar Japan da ke yawo a shafukan sada zumunta ya isa haka nan. Kowa ya ɗauko shi ya liƙa a shafinsa, ya rubuta a ƙasa cewa ga mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa mai gudu kamar walƙiya amma ba su yar da al'adar kakanninsu ba, mu kuwa 'ya'yanmu sun koma farar riga da yanka kek. Madalla da wannan zurfin bincike da aka kammala cikin rabin minti.

Wurin da aka ɗauki bidiyon, wato ɗakin bautar Meiji Jingu da ke tsakiyar Tokyo, a 1920 aka gina shi don girmama Sarki Meiji da matarsa, ya ƙone a ruwan bama-baman 1945, aka sake gina shi a 1958. Shi kansa ɗaurin aure a ɗakin bautar Shinto (addinin gargajiyar Japan), wanda ake ta kira mana gadon kaka da kakanni, bai bazu ba sai bayan 1900, shekarar da yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki Taisho, ya yi aurensa a wurin bautar fada. Jama'a suka gani suka yi sha'awa, wani ɗakin bauta a unguwar Hibiya ya tsara musu irinsa, sai abin ya zama yayi. Kafin nan a cikin gida ake ɗaura aure, gaban dangi. Ke nan abin da kuke yi wa tafi shi ma sabon salo ne a zamaninsa, kuma daga sama aka kwaikwayo shi.

Ban musa cewa abin yana da kyan gani ba. Amarya cikin farin kimono, wato rigar gargajiyarsu, tun daga wuya har ƙasa, an riƙe mata babbar jar laima, 'yan mata masu hidimar ɗakin bauta sanye da fari da ja suna gaba, dangi suna biye a jere ba mai ɗaga murya. Amma da an shiga ciki, ginshiƙin ɗaurin auren shi ne ango da amarya su sha giyar shinkafa daga kofuna uku, kowane kofi kurɓa uku. Ina fata masu rubuta "ma sha Allah" a ƙarƙashin bidiyon sun san da wannan.

Abin da ba a ɗauka a bidiyo shi ne salon da ya fi kowane yawa a biranen Japan shekaru da dama: farar rigar Turawa, zobe, da ɗan ƙaramin coci da otal ya gina a harabarsa don kasuwanci kawai, a ƙasar da Kiristoci ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Sau da yawa ma mai ɗaura auren wani Bature ne da aka ɗauka haya ya sa rigar fasto. Auren Shinto bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Farar rigar da ake zagin 'ya'yanmu a kanta, amaren Tokyo sun riga su sawa.

Na san za a ce to ai bukukuwansu na nan. Suna nan, kuma a nan ne ya kamata mai neman darasi ya tsaya. Bikin Gion na birnin Kyoto ya samo asali tun 869, lokacin wata annoba, kuma har yau duk watan Yuli ana rufe manyan tituna a ja kekunan katako masu tsayin bene, waɗanda ake haɗawa da igiya ba ƙusa ko ɗaya. Kowane keke yana da unguwar da ke riƙe da shi, da ƙungiyar da ke ajiye kayansa, tana koya wa yara kiɗan, tana sayar da layun bikin don tara kuɗin gyara. Keken da ake kira Takayama ya daina fita kusan shekara 200, sai a 2022 ya dawo bayan mutane sun haɗa kuɗi sun sake ƙera shi. Inda kuma aka rasa masu ɗaukar wannan nauyi, biki mutuwa yake yi ko a Japan: bikin Sominsai na haikalin Kokusekiji a lardin Iwate, wanda ake cewa ya haura shekara 1,000, an yi na ƙarshe a Fabrairun 2024 saboda masu shirya shi sun tsufa kuma babu matasan da za su gaje su. Al'adar da ta rayu a can, wadda aka biya wa kuɗi aka zubar wa gumi ce, ba wadda aka yi wa kuka a Facebook ba.

Damuwar da wasu ke nunawa ta gaskiya ce, kuma ni ma ina jin ciwo idan na ga an taƙaita kamu da sa lalle da buɗar kai don a samu kuɗin kama zauren dina. Sai dai hujjar wannan magana tana cikin gidajenmu, wurin gwaggo da inna da suka san yadda ake yi, babu buƙatar a yi wa Japan ƙarya kafin a faɗe ta.

Tunda kwaikwayon ake so, akwai abin da ban ga kowa ya yaɗa ba. A can ba a zuwa biki sai da katin gayyata da kujera mai ɗauke da sunan mutum, kuma abokin ango ko ƙawar amarya kan zo da kuɗin Japan yen 30,000 sababbi fil cikin ambulan na musamman, a miƙa a bakin ƙofa a rubuta suna kafin a ga ko ƙwayar shinkafa. Ina jiran wanda zai fara gwada wannan a Kano.