Fitilar Da Ta Tara Mini Jama'a

Bayan da aka zare batirin motar maƙwabcina cikin dare a layinmu da ke Unguwar Rogo a Jos, uwargida ta kafa mini ƙahon zuƙa cewa lallai sai an haska ƙofar gida, domin a cewarta ɓarawon da ya ɗanɗana daɗin layi ba ya mance hanya. Sai na nufi shagunan kayan lantarki da ke wajen Taminus domin sayen babbar fitilar LED irin wadda ake kafawa a katanga.

Mai shagon ya fara miƙo mini wata mai aiki da sola, an rubuta wat 1000 a kwalinta da manyan jajayen lambobi, alhali farantin solarta bai fi faifan rufe ƙwarya girma ba. Da na tambaye shi yadda wannan ɗan faranti zai ciyar da wat 1000 har asuba, sai ya ce, "Alhaji, ai lambar ta kwali ce, ba ta fitila ba." Wani mai gyaran wuta da ke zaune a benci ya tsoma baki, ya ce wat tana nuna yawan wutar da fitila ke sha ne kawai, haske kuwa da lumen ake auna shi, kuma LED mai kyau tana ba da kimanin lumen 100 a kowane wat, saboda haka mai wat 50 ta ishi ƙofar gida. Ya ce in duba alamar IP65, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga kuma feshin ruwa ba ya lalata ta, abin da ya zama dole a garin da ruwa ke zuba daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara, sannan hunturu ya biyo da ƙurarsa. Ya ƙara da cewa in ɗauki mai kelbin 3000, wadda haskenta ke da ɗan rawaya, domin ƙwari sun fi bin farin haske. Na gode masa ƙwarai, sannan na ɗauki mai wat 100 da kelbin 6500, fara fat, mai na'urar gano motsi, domin ɓarawo nake son kora ba baƙi nake son tarba ba.

Kuɗin aikin kafa fitilar da mai gyaran wutar ya yanka mini ya sa na tuna cewa ni ma ina da sukurdireba. Na aro tsani, na kashe babban makunnin gida, na haɗa wayoyin nan uku, mai ruwan ƙasa ta wuta, shuɗiya, da mai kore da rawaya wadda ke zuwa ƙasa, uwargida tana riƙe da tsanin tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Na saita fuskar fitilar ta miƙe sambal, don haske ya yi nisa.

Haske kuwa ya yi nisa, domin ya tsallake titi ya faɗa tagar wani dattijo da ke fuskantarmu. Wajen ƙarfe biyu na dare wata kyanwa ta gifta, fitila ta kama, zakaran dattijon ya ɗauka gari ya waye ya buɗe maƙogwaro, shi kuma bawan Allah ya tashi a firgice ya yi alwala da ruwan randa cikin sanyin Jos, ya garzaya masallaci ya tarar da shi a kulle. Da safe ya yi sallama da ni, ya ce, "Ɗana, ban hana ka tsaron gidanka ba, amma ka mayar da ranar nan taka cikin gidanka." Na ce, "Baba, a yi haƙuri," na sake hawa tsani na sunkuyar da kanta ƙasa.

Ita na'urar motsin zafin jikin abin da ke wucewa take ji, ba ruwanta da ko ɓarawo ne ko akuya, shi ya sa na sha dirowa daga gado da taɓarya a hannu ina ƙare wa tunkiyar maƙwabta kallo. A ƙarƙashinta akwai ƙananan maɓallai uku, na nisan da take ji, da na duhun da za ta fara aiki, da na tsawon lokacin da za ta zauna a kunne. Na murɗa na ukun zuwa ƙarshe, ta yadda ba ta wuce daƙiƙa kaɗan take mutuwa, don in tsimi kuɗin mita.

Ruwan farko na sauka, cinge ya taso daga ko'ina ya yi wa fitilar dafifi, yaran layi suka biyo shi da kwanukan ruwa suna kamawa domin suya. Da yake fitilar tana mutuwa da zarar an natsu, sai suka gano cewa tsalle da ɗaga hannu ke dawo da ita, ƙofar gidana ta zama filin rawa har tsakar dare. Cinge ya wuce, jama'a ba su wuce ba. Ɗalibai masu shirin jarrabawa suka kawo benci, mai shayi ya matso da teburinsa, har aka naɗa wani yaro wanda aikinsa kawai ya riƙa kaɗa hannu, ana biyansa da ragowar burodi.

Makon jiya mai shayin ya yi sallama da ni da fuskar kawo ƙara, ya ce, "Alhaji, yaron nan ya fara kukan ciwon kafaɗa, a taimaka a ƙara wa fitilarmu lokaci." Na tuna masa cewa daga mitata wutar take fita, sai ya ce ya san da haka, shi ya sa ya yanke shawarar riƙa ba ni kofin shayi kyauta kowane dare, amma idan da madara nake so, sai in biya kuɗin madarar.