Mun Ba Su Tabarma, Wa Ya Tambaye Su Ajinsu Nawa?

A jami'ar Liverpool akwai wani ɗakin lacca da aka raɗa wa sunan Rotblat. Na daɗe ina wuce shi ban damu da sanin ko wane ne ba, don a ƙasar nan kusan kowace ƙofa da sunan wani mamaci a kanta. Da na bi tarihin mutumin sai na tarar ashe ɗan gudun hijira ne, kuma tun ranar nake auna labarinsa da abin da na baro a gida.

An haifi Joseph Rotblat a birnin Warsaw na ƙasar Poland a 1908, a gidan Yahudawa masu rufin asiri. Yaƙin duniya na farko ya cinye sana'ar dawakin mahaifinsa, talauci ya sauka. Yaron ya koyi aikin wayar lantarki, da rana yana jan waya a gidajen mutane, da dare yana karatun fiziks, har ya kai ga digirin digirgir a 1938. A 1939 ya zo Liverpool don yin aiki da James Chadwick, wanda ya ci lambar Nobel a 1935. Turancinsa kaɗan ne, ga harshen mutanen garin da ko Baturen Landan sai ya kasa kunne. Wannan kam na shaida, ni ma na yi watanni ina gyaɗa kai kawai.

Bai baro gida da niyyar hijira ba. Da Chadwick ya samo masa ƙarin tallafi, ya koma Warsaw a watan Agusta don ya ɗauko matarsa Tola, ya same ta tana jinyar tiyatar afendis. Suka yi shawara ya wuce gaba, ta biyo shi in ta ji sauƙi. Ranar 1 ga Satumba sojojin Jamus suka afka wa Poland, hanya ta toshe.

Sauran labarin shi ne wanda ake yawan bayarwa. Tsoron kada Hitler ya riga kowa mallakar makamin ƙare dangi ya kai shi Los Alamos a Amurka a 1944, inda ake haɗa bom ɗin farko. A ƙarshen shekarar, da ta tabbata Jamusawa ba su kai ko'ina ba, ya ce to dalilin zuwansa ya ƙare, ya tattara kayansa. Shi kaɗai ne masanin da ya bar aikin don zuciyarsa ta ƙi. Ya koma binciken illar tiririn nukiliya a jikin ɗan Adam da yadda za a yi magani da shi, a asibitin St Bartholomew na Landan. A 1955 shi ne mafi ƙarancin shekaru cikin mutum 11 da suka sa hannu a kan gargaɗin Bertrand Russell da Albert Einstein game da makaman nukiliya. A 1957 aka fara taron Pugwash a Kanada, inda masanan Amurka da na Tarayyar Sobiyet suka zauna tebur ɗaya alhali gwamnatocinsu na hararar juna. Ya riƙe wannan fafutuka har tsufa, aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1995.

Abin da ya tsaya mini a rai ya fi lambar yabon. Mutum ne da ƙasarsa ta ruguje a bayansa, amma ranar da ta ruguje yana da ɗakin gwaji da zai shiga da safe, da malamin da ya san darajar abin da ke kansa. Kuma ba shi kaɗai ya dace ba. Tun 1933, da Nazi suka fara korar malaman jami'a, William Beveridge ya kafa wata ƙungiya a Ingila da aikinta ke nan: ta nemo wa korarren malami gurbi a wata jami'a. Cikin waɗanda ta taimaka, 16 sun ci lambar Nobel daga baya. Tana nan har yau da sunan Cara, tana ɗauko malamai daga Siriya, Afghanistan da Yukren.

Kada wani ya ɗauka yabon Turawa na zo yi. Ita wannan Ingilar ce a 1940 ta kame dubban waɗanda suka gudo wa Hitler, ta kira su baƙin abokan gaba, ta tura wasu sansani a Kanada, har da Max Perutz da Walter Kohn waɗanda duka biyu suka ci Nobel daga baya. Yau ma mai neman mafaka ba shi da izinin aiki yayin da yake jiran hukunci, sai ya shekara sannan ya nemi izini, shi ma a 'yan ayyuka ƙalilan. A 2023, a Knowsley da ke gefen garin nan, an yi zanga-zanga a ƙofar otal ɗin da aka sauke su har aka ƙona motar 'yan sanda. A nan maƙwabci zai iya shekara bai gaishe ka ba. Sai dai akwai ofishin da aikinsa shi ne ya tambaye ka me ka karanta.

Mu kuma namu ya sha bamban. Da Bama da Gwoza suka faɗa hannun Boko Haram a 2014, mutanen Maiduguri sun yi abin da ban taɓa ganin irinsa a Turai ba. Mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane ne, mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya. Baƙonka Annabinka, mun riƙe wannan da gaske. Amma waɗanda suka rage, ina aka kai su? Da yawa makarantun gwamnati aka buɗe musu, aka fitar da benci aka shimfiɗa tabarma, karatu ya tsaya. Ban ga laifin kowa ba a lokacin, rai ake ceto. Damuwata ita ce shekara goma ta wuce, tunaninmu game da ɗan gudun hijira bai wuce bargo da buhun abinci ba. Sansanin Minawao a Kamaru, na 'yan Najeriya da suka gudo wa Boko Haram, an buɗe shi a 2013; jaririn da aka haifa a can a shekarar yanzu ya isa sakandare. Mu da ke waje muna haɗa gudummawa mu aika, mu ɗauki hoto. Ban taɓa jin a zamanmu wani ya tambaya ko cikin matasan akwai wanda yaƙi ya tsinke wa karatu a aji uku na jami'a ba. Ni ma ban tambaya ba.

A 2023, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 7 cikin 100 ne na matasansu ke samun ilimi mai zurfi. Tallafin DAFI, mai ɗauke da sunan Einstein, wanda Jamus ta fara a 1992, yana kai wasu jami'a. Kuɗin wasu ne, daga nesa. Me zai hana kowace jami'armu ta ware gurbi goma a shekara, attajiran da ke gina mata ƙofar shiga su biya?

Akwai dai wani abu da ke sa ni taka-tsantsan da irin wannan labari. Idan hujjarmu ta karɓar baƙo ita ce wataƙila ya zama Rotblat, to me za mu ce da wadda ba za ta taɓa shiga ɗakin gwaji ba? Tola adabi ta karanta. Mijinta ya yi ta neman hanyar fito da ita ta Beljiyam, ta Denmak, ta Italiya, kowace ƙofa tana rufewa kafin ta iso. 'Yan Nazi suka kashe ta. Ya rayu shekara 66 bayan rabuwarsu, ya rasu a Landan a 2005, bai sake aure ba.