Bambancin "borrow" da "lend" a Turanci

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin ɗalibai a Sakkwato, har da wasu malamai, cewa "borrow" da "lend" duk ɗaya ne, kowanne mutum ya ɗauka ya yi daidai. Masu wannan fahimta suna da uzuri, domin a Hausa tushe ɗaya ke ɗauke da ɓangarorin biyu: mu ce "na ari littafi", mu kuma ce "ara mini littafi".

Turanci kuwa ya raba aikin gwargwadon wanda ya yi shi. Mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa kuma shi ke yin "lend". Saboda haka ɗalibar da biro ya ƙare mata ana tsakiyar darasi, idan ta juya ta ce wa ƙawarta "borrow me your pen", ta ɗora wa mai biron aikin mai karɓa. Abin da ya dace ta ce shi ne "lend me your pen", ko kuma "may I borrow your pen?"

Yawan jin kuskuren a bakin jama'a bai sa ya zama karɓaɓɓe a rubutun jarrabawa ba. Kalmomin biyu kuma suna aiki a kan kuɗi da kaya, ba kamar Hausa da ta ware rance daga aro ba.